Yatsan Taubashina da Na Ƙaryata

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni malamin asibiti ne, ni kaɗai tilo, a wani ɗakin shan magani da ke ƙasar Gwaram. En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ita ce ta ɗauke ni aiki shekarar da aka sami mulkin kai, bayan 'yar koyarwa ta watanni a kan wankin miki da allura da raba ƙwayoyi. Iyakar ilimina ke nan, amma a wajen mutanen Farin Dutse da Maruta da ƙauyukan kewaye ni likita ne, ba ragi. Likita ya wuce, Likita ya ce. In na taho a kekena da farar rigata dattawa kan ɗago hannu daga gindin bishiya, in kaka ta yi kuwa kaji da damman dawa sai na ce ya isa. Ba zan ɓoye ba, sunan nan ya yi mini daɗi, ya shiga kaina har ya fi ƙarfina. Kuma ni mutum ne mai baki, in na zauna a majalisa na fara ba'a sai ka ga dattijo riƙe da ciki yana hawaye. Ku riƙe wannan, don bakin nan shi ya kai ni ya baro. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

Ina da taubashi, ɗan gwaggota, na girme shi da shekara tara. Kun san wasan taubasai: ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ni ne ubangida shi ne bawa. Tun yana tatata bawana nake kiransa, shi kuma ya ce ubangida, in zage shi ya zage ni, ba mai fushi, manya na dariya. Ni na fara nuna masa yadda ake dafa allura. To, Allah Ya ba shi kai. Ya tafi makaranta Kano, daga can aka tura shi gaba, bayan yaƙin basasa ya dawo aka ajiye shi a babban asibiti a Birnin Kudu yana aiki tare da likitoci na gaske. Lokacin kuɗin mai ya fara zuba, kwalta na ta miƙewa, shi ma ya sayi jan babur. Ni ina nan da kekena mai kuka. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni a kan babur ɗin na ce jama'a duniya ta zo ƙarshe, bawa a sama ubangida a ƙasa, kowa ya yi dariya har da shi. Amma wallahi wani abu ya tokare mini ƙirji a ranar, kuma bai sauka ba. Sai ga mutanena, waɗanda na yi shekara goma sha ina wanke wa miki, sun fara cewa in ciwo ya ƙi a kai wa ƙaramin likita. Ƙaramin likita! Bai yi mini komai ba fa. Hasali ma yakan zo ranar kasuwa ya taya ni duba marasa lafiya, ya riƙo mini bandeji da auduga. Alherin nasa ma haushi yake ba ni.

Akwai wani saurayi daga Maruta, manomi, ɗan shekara ashirin ko kusa, da na yi shekara biyu ina yi wa magani. In ka dube shi daga ƙugu zuwa sama ƙato ne, ƙirji da kafaɗu kamar ɗan dambe, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ƙafafu sirara. Ciwon kai ba ya barinsa, haɓo ya riƙa ɓalle masa yana tsakiyar noma, in ya yi 'yar tafiya ƙafafun su yi nauyi su riƙe, kuma ko da bazara tafin ƙafarsa sanyi ƙalau. Na ce rana ce ke dukan kansa, ƙafafun kuma sanyi ne ya kama. Na ba shi ƙwayar ciwon kai da man zafi, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Ran wata kasuwa taubashina na nan sai ga shi da tsumma a hanci, ubansa na biye. Taubashin ya nemi izinina ya duba shi. Ya ciro abin awon jini, wanda ni ko taɓa shi ban taɓa yi ba, ya ɗaura masa a damtse, ya matsa, ya saurara, sai na ga ya ɗaga gira. Ya sake a ɗaya hannun. Sannan ya ja labule, ya ce saurayin ya sassauta mazagin wandonsa, ya ɗora yatsun hannu ɗaya a wuyan hannunsa, na ɗaya hannun kuma a matse-matsinsa, wato daidai inda cinya ta haɗu da mara, ya tsaya yana jira. Daga nan ya ɗaura abin awon a ƙafa.

Da ya gama ya kamo hannuna ya ce ubangida ya zo ya ji abin mamaki, ya ɗora yatsuna inda nasa suke. A wuyan hannu jini na bugawa kamar zai fasa fata. A matse-matsi kuwa na yi ta lalube, da ƙyar na ji wani ɗan motsi, shi ma a makare. Sai ya yi bayani a gaban uban saurayin da masu jiran layi: babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya zuwa gangar jiki ce ta matse a wuri ɗaya, kuma da abinsa aka haife shi. Ya ce kamar a take hanyar ruwan lambu ne, ruwa ya taru ya tumbatsa a sama, fangalin ƙasa na mutuwa da ƙishi. Shi ya sa jinin hannu ya hau, kai ke ciwo, hanci ke zuba, ƙafa kuma ba ta samun rabonta. Ya ce a kai shi Kano a ɗauki hoton ƙirjinsa, in abin ya tabbata akwai inda ake yin aikin a kudu, in kuma an bari wata rana jijiya za ta fashe masa a ka ko zuciyar ta gaji. Uban ya juyo ya dube ni, ya tambaya ashe shekara biyun nan ba rana ba ce. Tambaya kawai ya yi, bawan Allah, amma ni ji na yi an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Na ji da yatsana fa, kada ku manta. Na san gaskiya ya faɗa. Amma babur ɗinsa bai gama fita gari ba na fara aiki. Ban ce ya yi ƙarya ba, na fi haka wayo. A majalisa na tambaya, kamar da wasa, ko tun da suke sun taɓa jin an nemi ciwon kai a cikin wando. Aka fashe da dariya. Na ce to sabon ilimin birni ke nan, kowa ya riƙe mazaginsa in ya ji ƙarar jan babur. Magana zarar bunu. Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta kai Maruta, ta kai har Unguwar Ya, ta haihu a hanya: wai daga Kano ma kan haka aka koro shi, wai har jarirai yake buɗewa yana lalube. Na jariran da ƙanshin gaskiya, don yakan koya wa ungozomomi su taɓa matse-matsin duk jaririn da aka haifa. Uban saurayin, mutum mai kunya da riƙon addini, ya rantse ɗansa ba zai sake tsayawa gaban wannan yaro ba, har ya zo ya ba ni haƙuri kan tambayar da ya yi mini. Na karɓi haƙurin, na ƙara wa ɗan nasa ƙwayar ciwon kai. Taubashina ya daina zuwa ranar kasuwa, ni kuma na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.

Wata bakwai da yin haka matata ta haihu. 'Ya'yanmu mata uku, sannan haihuwa ta tsaya shekara takwas har mun fid da rai, sai ga namiji. Yaro ɓul-ɓul, ya kama nono tun ran farko. Gwaggota, wato uwar taubashin nawa, ita ta zo ta zauna tana yi wa mai jego wanka. Ranar ƙauri, kwana huɗu da haihuwa, da hantsi, na ji babur a ƙofar gida. Taubashina ne. Duk abin da na shuka masa ya ji, amma ga shi ya zo barka da turmin zane da sabulu. Ya shigo tsakar gida, mata cike, Gwaggo ta miƙa masa jaririn tana cewa ya gai da sabon ubangidansa. Ya karɓa yana dariya, yana cewa kaico, yaro ya ɗebo munin ubansa kaf. Hannun ma'aikaci ba ya zama haka nan, yana cikin wasan na ga yatsansa ya shige cikin zanen. Sai dariyar ta ɗauke. Ya koma ɗaya gefen. Ya riƙe 'yan ƙafafun cikin tafinsa, ya taɓa damtse, ya sake komawa cinya.

Sai ya ɗago ya kira ni Yaya. Tun da aka haife shi bai taɓa kirana haka ba. Ya ce mu ɗan koma zaure, ni kuwa na ƙi motsi, na ce ya faɗi ko mene ne a nan, ba baƙo. Ya sassauta murya ya ce bai ji bugun jini a cinyoyin yaron ba ko ɗaya, ƙafafun kuma sun fi hannuwan sanyi. Ya ce yana tsoron irin na saurayin Maruta ne, sai dai na jariri ya fi haɗari, don yanzu wata ɓarauniyar hanya ce da jini ke bi tun yaro na ciki take riƙe da shi, kuma takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki, ran da ta rufe lafiyar da ake gani za ta tafi lokaci guda. Ya roƙe ni don Allah in bari a tafi da shi Birnin Kudu a ranar, likita ya gani, a wuce Kano. Matan tsakar gida duk sun ji. Matata ta ɗaga labule tana kallona, fuskarta ta sauya. So take ta san ko maganar ta gaske ce, kuma a fuskata za ta karanta.

To a nan na yi abin da zan shiga kabari da shi. Na tuntsire da dariya. Na ce jama'a su ji bawa da baƙin ciki, ya ga ubangida ya sami magaji yana so ya hana cin ragon suna. Na ce wandunan Maruta sun ƙare ne ya dawo kan zanen goyo. Na tambaye shi a garin wa ake hawa titi da ɗan kwana huɗu, ba a raɗa suna ba, uwa na ɗanyen jego. Mata suka sauke ajiyar zuciya suka kwashe da dariya, wata na cewa kai, taubasan nan ba sa girma. Gwaggo ta kai masa duka da mafici ta ce ya bar yi wa jinjiri mugun baki ko da wasa. Uwarsa ke nan fa da ta haife shi. Ya yi ta rantse mata, yana kiran Inna, Inna, cewa ba wasa yake ba, amma ai duk taubashi haka yake cewa, rantsuwar ma dariya ta ƙara. Matata ta saki labule. Ya miƙa yaron, ya yi mini wani irin kallo wanda ba na fushi ba, ya fita.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata, har ta koma ga Allah. Washegari da safe, tana bayan ɗaki Gwaggo na yi mata wanka, na shiga na buɗe zanen. Na sa yatsa a damtsensa, ga jini nan yana harbi tsaf. Na sa a matse-matsi. Babu. Na canza yatsa, na canza gefe, na riƙe numfashina. Babu. Ƙafafun sanyi, alhali bazara ce kowa na zufa. Na tsaya a kansa ina lissafi. Hanya a buɗe take, in na fita na tari mota kafin azahar muna Birnin Kudu. Amma sai na hango kaina tsaye a gabansa ma'aikata na kallo, na hango majalisa ta ji cewa Likita da ƙafarsa ya kai ɗansa a lalube shi. Na ce wa zuciyata kaushin fartanya ne ya kashe mini yatsu. Na ce saura kwana biyu suna, an raba goro, ga rago ɗaure, a yi sunan tukuna, sannan in san dabarar kai shi Kano ba tare da na bi ta hannun bawana ba. Na ji tarin Gwaggo, na yi maza na rufe zanen. A ranar direban motar kasuwa ya kawo mini takarda daga taubashina, na cusa a aljihu ban buɗe ba.

Ranar suna taubashina ya zo raɗi, ya nemi shiga ciki, na sa aka ce masa mata sun cika gida. Aka ci aka sha, maroƙa na ta wasa ni wai Likita uban likita. Tun da rana yaron ya fara sakin nono, ya tsotsa kaɗan ya saki yana haki, zufa a goshi. Mata suka ce hannu ne ya yi masa yawa. Da gari ya waye numfashinsa ya koma sama-sama, zanensa a bushe ba fitsari tun jiya, ƙafafun sun yi toka-toka. Matata ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, a hankali ta tambaye ni, da Malam ɗin da ta saba kirana, ko dai maganar taubashina ba wasa ba ce. Na fita a guje neman mota ko hula babu. Muna hango duwatsun Birnin Kudu Gwaggo, da ke riƙe da shi, ta ja zane ta rufe masa fuska. Sai bayan kwana uku na buɗe takardar nan. Cewa ya yi ya gaya wa likita, an tanadi mota zuwa Kano, in kuma ina jin nauyin zuwa in turo Inna da yaron kawai, ba wanda zai taɓa ji daga bakinsa.

Taubashin nawa shi ya zaunar da ni ya ce in daina cin kaina, don ko ranar ƙaurin aka tafi, aikin jariri irin wannan da wuya a same shi a ƙasar nan a lokacin, mai yiwuwa ba zai kai ba. Na tambayi likitoci daga baya, sun ce kusan haka ne. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani. Amma mai yiwuwa ya ce, bai ce tabbas ba, kuma wannan 'yar ƙofa ni na rufe ta da dariya. Sannan ya ce shi saurayin Maruta nasa na gyaruwa, kuma ni kaɗai ubansa zai saurara.

Na je Maruta. Kun zaci na faɗi gaskiya ko? Na so in faɗa, a kan keke ma na shirya kalmomin. Amma da uban ya shimfiɗa mini buzu ya yi wa Likita sannu da zuwa, sai na ji bakina na cewa na sake nazari ne na gano ciwon ɗansa a jijiya yake. Ƙasar kabarin ɗana ba ta bushe ba, amma ƙyashin na nan da ransa. Uban ya amince nan take tunda ni ne. Taubashina ya rubuta takardu a ɓoye, ni na raka saurayin Kano. Hoto ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa kamar ɓera ya gaigaya, likitan ya ce ƙananan jijiyoyi ne suka kumbura suna nema wa jini hanya. Aka tura shi kudu aka yi aiki, ya dawo da tabo daga hammata zuwa baya, ƙafa da ɗumi, haɓo ya ɗauke. Ya yi aure, ɗansa na fari sunana aka sa masa. Duk ƙasar ta ɗauka cewa Likita ya gano abin da ya gagari 'yan birni. Yabon da nake mutuwa a kansa ya zo har ya yi yawa, kuma ban taɓa jin daɗin ko ɗaya ba.

Shi kuwa taubashina baƙin da na shafa masa bai goge ba. Mata suka riƙa ɓoye jariransu in ya shigo ɗaki, ungozomomi suka watsar da abin da ya koya musu, Allah kaɗai Ya san yaran da suka tafi a haka aka ce iska ce. Ya nemi canji zuwa wani gari mai nisa, can ya ƙare aikinsa, can ya rasu. Bai taɓa tona ni ba, bai yanke zumunci ba, duk salla sai ya zo. Sai dai tun ranar ƙaurin nan bai sake ce mini ubangida ba. In na tsokane shi na ce bawana, sai ya yi murmushi ya tambayi lafiyar iyali. Yaya yake ce mini, da ladabi, har ya mutu.

Har na bar aiki ba jaririn da ya bi ta hannuna ban taɓa matse-matsinsa ba, amma wannan bai biya komai ba. Iyaye, in an haihu ku ce a taɓa bugun jinin cinyar jariri, ba rashin kunya ba ne, kuma in masani ya ce a fita da shi kada jiran suna ya tsare ku. Jaririn da ke sakin nono yana haki da zufa, ƙafa sanyi, a gudu da shi. Matashin da aka ce yana da hawan jini, a auna ƙafarsa ma, kada a tsaya a hannu. Ku kuma da ke jin wani abu ya tokare ku in na ƙasa da ku ya ga abin da ba ku gani ba, ku ji tsoron abin nan. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma ba a faɗin abin da take yi wa gonar mai ita. Ni tawa ɗa guda ta cinye, da taubashi guda. Mutanen Maruta, in wannan ta iske ku, duk abin da kuka ji a kansa ni na ƙaga, kuma ba ni na gano ciwon ba. Sunan da kuka raɗa wa yaronku nasa ya kamata. In za ku yi addu'a, shi za ku yi wa.